Wasiƙa daga Jamus: gidan masu gyaran muryar ogan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da su Baba. Na ga ƙorafinka cewa ba a samuna a waya ranar Asabar. To ga inda nake shiga.

Ƙasan benen da nake haya shagon masu gidan ne. Sana'arsu ta gado gyaran ogan, ƙaton abin kiɗan nan na coci mai ɗaruruwa ko dubban bututu. Yawancin bututun iska ce kawai ke tsagewa a bakinsu su yi ƙara. Waɗanda mutanen nan suka ƙware a kai su ne masu ɗan harshe na tagulla a ciki, wanda iska ke kaɗawa, kusan yadda bakin algaita ke yi. Su ke ba da amon ƙaho mai ratsa ƙirji.

Da ka ga tsohon mai shagon yana aiki, da ka tuna maƙeran unguwarku. Zai zare harshen, siriri kamar ya karye, ya kwantar da shi a kan katako mai santsi, ya goga masa sandar ƙarfe sau ɗaya ko biyu don ya ɗan lanƙwashe. Ido da ƙyar yake ganin lanƙwasar, amma a nan muryar take. In lanƙwasar ta yi yawa, bututun ya yi nawar magana ko ya yi gum. In ta yi kaɗan, sai ya riƙa ƙara mai kaushi ba daɗi. Ya mayar, ya danne da ɗan guntun katako, ya ɗora a kan teburin gwaji, ya saurara, ya sake zarewa. Haka har bututu hamsin da wani abu na jeri guda su zama murya ɗaya. Akwai kuma wata waya da ke danne harshen, ana buga ta sama ko ƙasa don saita sauti. Ni aikina wanke bututu da jera su, an hana ni taɓa harshe da hannu, wai gumi na sa tagulla ta yi tsatsa. Mataccen ƙuda guda in ya maƙale a ciki ya isa ya rufe bakin bututu.

Abin da ya fi burge ni, tsohon ba ya yarda a canja tsohon harshe sai in ya tsage. Ɗansa kan so a yanka sabo a huta, shi kuwa ya ce ba a kawo musu don su ƙara wa abin daɗi ba, muryar da maƙerin farko ya sa aka ce su dawo da ita. Ina bayan tsohon, ko da yake na san ɗan ne ke lissafin kuɗin wuta da albashi. 'Yarsa ce ma ta gaji kunnen, ita yake kira in yana kokwanto.

Sana'ar tana da daraja a nan. A 2017 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ƙirar ogan da kiɗansa na Jamus cikin al'adun duniya da ake karewa, kuma ƙasar na da ogan kusan 50,000. Sai dai daraja ba ta cika aljihu. Kamfanin Laukhuff na garin Weikersheim, wanda tun 1823 yake sayar wa masu wannan aiki kayan haɗi, ya rufe a 2021, kuma har yau tsohon na jimamin abin. Masu zuwa coci suna raguwa, kuɗin gyara na raguwa tare da su.

Na san za ka ce me ya kai Musulmi gyaran kayan coci. Shago nake zama, kuma da kansu suke tuna mini lokacin azahar.

Don Allah in ka samu maƙerin algaita, ka ɗaukar mini hoton yadda yake yanka bakinta, tsohon ya matsa yana son gani. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka