Zuwa ga Auta, game da shirun da kake yi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, bayan gaisuwa da fatan alheri, mutanen gida duk lafiya, sai ƙafar Innarka da ta ɗan motsa da shigowar sanyi.

Yayarka ta faɗa mini komai. Kada ka ga laifinta, ni na tsare ta. Ta ce tun ranar da ƙwallo ta suɓuce maka ta shige raga, koci ya ajiye ka a benci, barci ya ƙaurace maka, abinci sai ka ga dama, kuma wani dillali yana hure maka kunne ka tattara ka bi shi wata ƙungiya. Mu kuwa in ka kira, "Lafiya lau, Baba." Wata nawa ke nan kana ba mu lafiya lau ɗin nan?

Maganar dillali ba za ta ɗauke ni lokaci ba. Hoton wa ka manna a bangon zaure har na sa ka goge da hannunka? Buffon, golan Italiya da Juventus. To ka san shi da tsalle, ni na san shi da zama. A Yulin 2006 ya ɗaga Kofin Duniya a Berlin, cikin watan kuma aka jefa Juventus rukuni na biyu saboda badaƙalar alƙalan wasa. Ibrahimovic da Vieira suka tafi Inter, Cannavaro ya tafi Real Madrid, Thuram da Zambrotta suka yi Barcelona. Shi da aka saya daga Parma a 2001 kan kusan Yuro miliyan 52, kuɗin da aka kai 2018 ba a sake biya wa mai tsaron gida ba, ya zauna tare da su Del Piero da Nedved. A Satumba yana tsaye a ƙaramin filin Rimini ana tashi ɗaya da ɗaya. Sun dawo Serie A, rukunin farko na Italiya, a 2007, amma sai 2012 ya sake taɓa kofin gasar. Kai benci na wata biyu ya sa kake neman ƙofa. Ban ce dole a mutu a kulob ɗaya ba, shi ma ya je PSG a 2018 ya yi kaka guda ya dawo. Amma da ƙafarsa ya tafi, ba gudun kunya ya yi ba. Kada ka sa hannu a kan kowace takarda sai an karanta mana ita.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni runtsawa daban ne.

Buffon yana shekara 17, a Nuwamban 1995, kocin Parma Nevio Scala ya tsayar da shi gaban Milan mai Weah da Baggio, aka tashi ba ci. A 1999 ya ci kofin UEFA da Parma. Kowa na ganin dutse ne. Amma shi da bakinsa ya bayyana cewa tsakanin 2003 da 2004, yana da kuɗi, yana da suna, yana gola lamba ɗaya a Italiya, ciwon damuwa ya kama shi na watanni. Rannan ana dab da fara wasa da Reggina numfashinsa ya sarƙe, zuciya na bugawa, ya je wurin kocin masu tsaron gida, Ivano Bordon, ya ce a shirya Chimenti, gola na biyu, don shi ba zai iya ba. Daga baya ya daure ya shiga. Abin da nake so ka riƙe shi ne ya buɗe baki. Ya faɗa wa na kusa da shi, ya je ya ga likitan da ya san wannan ciwo. Bayan haka ne ya yi minti 974 ba a zura masa ƙwallo ba a 2016, ya buga wasa 657 a Serie A, ya koma Parma a 2021, ya ajiye safar hannu a 2023 yana da shekara 45. Sau uku ya je wasan ƙarshe na Zakarun Turai, 2003 da 2015 da 2017, sau uku ya dawo hannu rabbana, bai mutu ba.

Akwai wani gola Bajamushe, Robert Enke na Hannover, da ya ɓoye wa duniya nasa ciwon. Ka san yadda ta ƙare a Nuwamban 2009. Ba zan rubuta ba.

Aikin da ka zaɓa aikin kaɗaici ne. Ɗan gaba zai ɓarar da biyar ya ci ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa, kai ka tare tara ka saki ɗaya, ita za a yi ta nunawa. Ga shi kana ƙasar da ba ka gama jin harshenta ba, ka dawo ɗaki kai kaɗai, magariba ta yi tun ƙarfe biyar. Kuma na san halinka. Ranar da yatsanka ya goce a filin makaranta kwana ka yi da hannu a cikin riga, sai da Innarka ta ga kana cin tuwo da hagu. Zurfin cikin kawunka ka ɗauko, kuma ka ga inda nasa ya kai mu.

Na ji har kana cewa ba za ka dawo ka haɗa ido da ni ba saboda filin da aka sayar. Wa ya ce maka bashi na ba ka? Filina ne, na sayar, ban shawarci kowa ba. Da na hana ka ƙwallo a farko, ina da dalilina, kuma ko yau aka koma sai ka gama sakandare kafin ka taɓa safar hannu. Amma tun da na sa maka albarka a tashar jirgi ban taɓa lissafa ko kwabo a kanka ba. Rainin hankali ne ka zauna can kana yanke mini hukunci a zuciyarka, ka mai da ni ɗan kasuwa, ka bar uwarka tana tashi tsakar dare tana duba waya. Ni na koya maka namiji ba ya yawan kuka, haka ne. Ban koya maka ƙarya ga iyayenka ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Allah ya huci zuciyarka, ba faɗa na zauna yi ba. Ka je wurin likitan ƙungiya cikin makon nan ka faɗa masa ba ka barci, yadda ka faɗa wa yayarka, ba ragi. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka je Juma'a ka gaisa da mutane ko ba ka san su ba. In abin ya ƙi, ka dawo gida, ɗakinka na nan, babu mai tambayarka komai.

Ranar Lahadi bayan isha'i ta nan zan kira ka, ta bidiyo, don fuskarka nake son gani. Innarka ta ba wa mai tafiya kilishi da yaji, ka sa ido.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka.