Kuɗin Abijan na zuwa, yaro ba ya ɗaga ko tsinke

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Daga Tawa nake rubuto miki kan maganar ɗana na fari, mai shekara 14, da ke aji na biyu a kwaleji.

Kin san halin Adar: mazanmu ƴan ci-rani ne. Maigidana yana Abijan yana kasuwanci, sai babbar salla yake zuwa, wata shekarar ma ba ya samun zuwa. Ba ya barin mu da yunwa, duk wata yana aiko kuɗi, alhamdu lillahi. Amma yaron nan bai taɓa ganin guminsa ba. Abin da ya sani, saƙo ya shigo salula, a je a karɓo. Shi kuwa uban yana shekara 12 yake bin kakansu gonar gero da hauya.

Da asuba ƙanwarsa, ƴar shekara 11, ta yi salla, ta share tsakar gida, ta jera jarkoki bakin famfo kafin ruwa ya ɗauke, ta wanke kwanoni, sannan ta tafi lakwal. Shi yana kwance, saboda dare ya raba a fada wajen shayi da kallon ƙwallo a wayar da uban ya aiko masa. Ko tabarmar da ya kwana a kai ba ya naɗewa. Kuma ita ce ke kawo sakamako mai kyau, shi ko mushensu ya aiko cewa in bai tashi tsaye ba zai maimaita aji. Yaya za a yi da BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, ke nan?

Inda na fi ƙuntata shi ne nan. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, kuma tun yaye a ɗakin Inna, uwar maigida, ya tashi. In na ce ya ɗauki tsintsiya, sai ta ce aikin mata ne. In na hana shi kuɗin kashewa, ta kwance bakin zane ta miƙa masa dala ashirin a ɓoye. Ran nan na ɗaga masa murya, ta ce a gaban baƙi, “Yau kuma ɗan fari ake wa tsawa? Kunya ta ƙare.” Ba na son in yi musu da ita, tsohuwa ce, ta kuma riƙe ni da mutunci. Uban in na kira shi, amsarsa guda ce: a bar shi, yaro ne.

Na yi tunanin raba aikin gida, ya ɗauki ɗibar ruwa da ba tumaki dusa da wankin kayansa, a karɓe wayar bayan isha'i, mu riƙa cin tuwon dare tare a duba littattafai. In an yi babban hutu a watan Yuli kuma, in kai shi wajen ƙanena mai gyaran babura ya koyi riƙe sifana. Amma dokar da ni kaɗai na kafa, Inna za ta rushe ta kafin la'asar.

Hajiya, ta ina zan faro? In nemi kawunsa ya yi wa Inna magana, ko in jira maigida ya zo salla a zauna gaba ɗaya? Kuma yaya zan rage wa yarinyar nauyi ba tare da an ce na nuna bambanci ba? Ta fara tambayata me ya sa ita kaɗai ake tayarwa.

Wassalam,
Mai sauraronki daga Tawa