Zuwa ga Mubarak, a Nima

Aboabo, Kumasi

Mubarak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da kawunka Ɗanladi da iyalinsa. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar innarka ta yi sauƙi, har ta koma fitar da koko bakin titi da asuba. Na hana, ba ta hanu ba. Hunturu ya shigo da ƙarfinsa bana, leɓen kowa ya tsage.

Na zaɓi in rubuto ne saboda ni da kai ba ma ƙarasa magana a waya. Da na fara ɗaga murya sai ka ce ba ka ji na sosai, layi ya katse. To, takarda ba ta katsewa.

Na ga jerin kayan kwamfutar da ka tura wa Zulaiha ta WhatsApp. Kada ka yi mata faɗa, ni na karɓi wayar daga hannunta. Ranar sunan gidan Alhaji Tanko innarka ta dawo fuska a murtuƙe. Wata baƙuwa daga Mamobi ce ta faɗa a tsakiyar mata, wai ɗanmu yana haɗa kwamfutar wasa da kuɗinta ya fi na sabon babur, wai kuma fitilar ɗakinka ba ta mutuwa sai an kira assalatu. Matan suka yi shiru, irin shirun nan da ka sani. Zan zo kan wannan. Bari in fara da abin da na iya.

Shekara 31 ke nan ina kwance bayan rediyo da talabijin. Kwamfutar wasa ba zamanina ba ce, ban kuwa ji kunyar tambaya ba. Na kwafe jerin a bayan wani tsohon rasit, na hau mota zuwa Adum wurin Yakubu, wanda a hannuna ya koyi riƙe dalma, yanzu kuwa shi nake wa almajiranci. Muka zauna muka bi shi layi-layi. Tun bai kai ƙarshe ba ya fara dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye.

Ka rubuta katin hoto RTX 4090, a ƙasansa ka rubuta fawa, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, mai wat 500, ko sunan kamfani babu. Yakubu ya ce katin nan shi kaɗai yana jan wat 450, masu shi ma fawa mai wat 850 suka ce a haɗa masa. Wato ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Nan kuwa fagena ne, don haka ka saurara. Duk abin da ke cikin akwatin nan daga hannun fawa yake ci. Idan ram ta mutu, ita kaɗai ta mutu. Fawa in za ta tafi ba ta tafiya ita ɗaya, sai ta ja madabod, babban allon da ake jona komai a kansa, da kati sun raka ta. A dumsor ɗin 2015, lokacin yawan ɗauke wuta, kana nan, kai kake taya ni jera talabijin a ƙofar shago saboda ciki ya cika. Ba ɗauke wutar ce ta kashe su ba, dawowarta ce. Ka tuna warin kafasitar da ta kumbura ta fashe, wanda ke kama riga har a koma gida innarka ta ce mu tuɓe a waje? Warin nan nake ji tun da na karanta layin.

Idan ka je sayen fawa, ka ɗauke ta a hannu. Wadda ka ji ta sakayau kamar gwangwanin madara, ajiye musu abinsu, komai girman lambar da aka manna mata. Ka nemi mai suna, sabuwa a kwalinta, mai garanti a rubuce. Tambarin 80 Plus yana da kyau, amma abin da yake nufi shi ne ba ta ɓarnar wuta da yawa, ba shaida ba ce cewa kayan cikinta nagari ne. In kuwa ta hom-yus, wato ta hannu daga ƙasar waje, aka miƙo maka, juya bayanta ka duba. Tsofaffin da ake kawowa daga Amurka suna da wani ɗan jan maɓalli, gefe ɗaya 115, ɗaya gefen 230. Wutarmu bolt 230 ce. Ka jona ta tana kan 115, sai dai ka ji ƙara kamar an harba bindigar toka. Na ga wannan ya fi a ƙirga, har da wurin masu digiri.

Kuma ɗakin da kawunka ya ba ka, na san soket ɗinsa. Ni na gyara shi shekarar da muka je ta'aziyyar Goggo, na kuwa ga babu wayar ƙasa a jikinsa. Ka nemo mai aikin wuta ya ja maka ita kafin ka jona komai. Kada ka ɗora kwamfuta a kan jonin da ake dafa ruwa da guga a kansa. Ka sa sitabilaiza, in hali ya yi ka ƙara da UPS, ko don ka samu minti biyar na kashe ta cikin mutunci. Wajen sayen UPS ɗin ka tambayi wat nawa take ɗauka, don lambar VA da suke rubutawa da manyan baƙaƙe ta fi wat ɗin gaske yawa.

Sauran kuma daga bakin Yakubu ne. Ka rubuta madabod mai soket AM5, ka haɗa shi da ram DDR4. Ba sa zama tare. AM5 sai DDR5, tsagar jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba, in ka danna da ƙarfi ka karya. Shawararsa, wadda ni ma na yarda da ita, ka sauko kan AM4, wanda tun 2016 yake kasuwa, kayansa sun wadata. Furosesa Ryzen 5 5600, da fankarsa yake zuwa a kwali, wutar da yake ci kaɗan ce. Madabod B550. Ram giga 16, amma guda biyu masu takwas-takwas, ba ɗaya ba, don biyu sun fi sauri. Ma'ajiya NVMe mai tera 1. Kati RTX 3060 mai giga 12, wanda ke jan wat 170, sai fawa ta kirki mai wat 650 ta riƙe su duka ba tare da nishi ba. Furosesan nan ƙafafunsa a jikinsa suke, sirara kamar gashin jariri. Ka daidaita ɗan alamar kusurwa, ka sake shi ya zauna da kansa. Ka san hannunka, tun kana yaro ba ka buɗe abu sai ka fasa.

Akwati kuwa, bar na gilashi mai fitilu kala-kala kamar motar amarya. Nemi mai raga a gaba da matatar ƙura, iska ta shiga ta fita. Zafin Akra da ƙurar hunturu ba sa raga wa inji. Kar ka ajiye shi a ƙasa.

In katin na hannu za ka saya a Circle ta Akra, kada ka biya sai an jona shi a gabanka ya yi aiki mai nauyi rabin awa, kana kallon zafinsa, kunnenka na kan fanka. Tun 2022 da haƙar kuɗin intanet da irin katunan nan ta daina riba, aka zubo su kasuwannin duniya, wasunsu sun shekara biyu ba a kashe su ba dare da rana. A goge su a sa a leda, ka rantse sababbi ne. Duba sukurorin baya, in bakinsu ya cinye, an sha kwance shi. Araha ba ta ado.

To, Mubarak. Duk wannan da na zuba, kewaye-kewaye nake yi, kai ma ka sani.

Na tambayi Yakubu kuɗin katin da ka rubuta. Ya ce ranar da ya fito a 2022, dala 1,599 aka sa masa a can ƙasarsu, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Kati kaɗai. Kai kuwa bautar ƙasa kake yi, alawus ɗinka sidi 715 a wata, shi ma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Na zauna a bencin shago da biro na yi lissafi sau uku, ko ka daina ci ka daina hawa mota, bai kai ba, bai ma kama hanyar kaiwa ba. Ina ka samo? Wa ya ba ka? Me ka yi masa?

Kalmar da matan nan suka ƙi furtawa ni zan furta: sakawa, wato damfarar intanet. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga harshenmu aka ɗauke ta, duk Gana da ita ake kiran abin, kamar mu muka haife shi. Yaron Zango ya sayi waya mai kyau, sai a kalle shi a kalli juna. Shekara da shekaru ina musu da mutane a kan wannan, a masallaci, a wurin shayi, ina cewa 'ya'yanmu ba haka suke ba. Yanzu in shiga sahu, sai in ga kamar kowa ƙeyata yake kallo. Ka san yadda ɗan Hajiya Ladi ya fara. Ba da mota ya fara ba, da kwamfuta ya fara, da rashin barci, da abokai masu turare mai tsada waɗanda ba a san inda suke aiki ba. Ka kuma san yadda ta koma, mace mai jiki, yanzu zane sau biyu yake zagaye ta. Wasu ma ba a nan ake barinsu ba, jirgi ake sa su a kai Amurka a yi musu shari'a, uwa ko ganin ɗanta ba za ta sake yi ba. Kuɗin wata tsohuwa ne da aka yi wa ƙaryar aure, tana can tana kuka. Kukan nan ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Kawunka ya ce akwai wasu samari biyu da ke zuwa ɗaukarka da mota baƙa bayan isha'i. Su wane ne? 'Ya'yan wa? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ba tun yau nake gaya maka ba. Sidi 2,000 da ka turo wa innarka ta momo watan jiya suna nan cikin wayarta, na ce kada ta taɓa ko pesuwa ɗaya. Ta yi kuka, ta ce ina zargin ɗanta. Gara in saya mata maganinta da bashi, da in sa mata abin da ban san asalinsa ba a ciki. Wallahi in ta tabbata haka ne, kada ka tako ƙofar gidan nan da ko buhun shinkafa, zan mayar da shi kan titi a gaban kowa. Ban yi shekara 31 ina shaƙar hayaƙin dalma, idona ya tafi, don a ƙarshe a nuna ni da baki ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce dama Baba bai taɓa son ganina da wasa ba, za ka tono maganar PlayStation ɗin da na sayar kana shirin BECE. E, na sayar, ko yau ne zan sake. Ka ci jarrabawar ko ba ka ci ba? Abin da na yi kuskure a kai shi ne yadda na yi shi a gaban abokanka, wannan kam na sani, na daɗe da sani. Ni ma mahaifina ya taɓa jefa mini rediyon da na haɗa da hannuna cikin kwata, ya ce aikin shaiɗan ne, ga shi da rediyon na ciyar da ku. Saboda haka wasan ba shi ne damuwata ba. Ka yi wasanka, ka dai tashi sallar asuba.

Zulaiha ta rantse mini cewa bidiyon biki da suna kake haɗa wa mutane da dare, shi ya sa ba ka barci, motar nan kuma ta masu ɗaukar hoto ce da kuke aiki tare. Ta ce jerin ma buri ne kawai, kwafowa ka yi daga YouTube, ko rabin kuɗin ba ka da shi. Allah ya sa haka ne. Da na ga ka haɗa DDR4 da AM5, wani ɓangare na zuciyata ya yi sanyi, na ce wanda kuɗi ke hannunsa da tuni mai shago ya gyara masa. Ka ga inda ka kai ni, ina murna da kuskurenka. In bidiyon ne, Yakubu ya ce kayan da ya lissafa sun ishe ka aikin da wasan gaba ɗaya. Ka saye su ɗaya bayan ɗaya yadda aljihunka ya kai, fawa da akwati tukuna, kati a ƙarshe. Kowanne ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa ka turo. Ka kuma turo mini bidiyo ɗaya daga cikin waɗanda ka haɗa, da sunan gidan da aka yi bikin. Ba don in bincike ka ba. To, don in bincike ka ne. Amma ina so in samu abin da zan nuna wa innarka, ita kuma ta nuna wa matan nan.

Ranar Asabar zan ba da saƙo a motar Asafo, ka je Circle ka karɓa da yamma, zan turo maka lambar direban. Sitabilaizar shago ce, babbar, na sake mata fiyus. Na sa maka tsohuwar mitata a ciki, mai jan tef a gindi, ka auna wutar ɗakin kafin ka jona komai. Innarka ta cusa ƙulli-ƙulli da yaji a gefe, na ce za su yi warin inji, ba ta saurare ni ba.

Ka gai da kawunka. Ka kira ni ranar Lahadi bayan isha'i, ka nemi inda layi yake da kyau ka tsaya.

Babanka