Kafin ka ɗora jan ɗigo mai arha a kan fistol ɗinka

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka.

Na rubuto ne kan wata magana da ta tsaya min a rai, maganar na'urar saiti mai jan ɗigo da ake ɗorawa kan fistol, wato ƙaramar bindigar hannu. Da masu harbin nishaɗi nake, waɗanda suke da lasisi suna zuwa filin harbi su huda takarda su dawo gida. Ni da na haura shekara 45 idona ya fara ƙin kama ɗan tsinin saitin gaba, in na ga tsinin sai takardar ta dushe, in na ga takardar sai tsinin ya ɓace, har na fara tunanin haƙura da wasan gaba ɗaya. Jan ɗigon nan shi ya dawo da ni. Abin ba wani sihiri bane, ɗan ƙwan LED ne yake haska gilashi mai lanƙwasa, hasken ya dawo idonka, kai dai ka zuba ido kan abin harbi ka ɗora masa ɗigon. Kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fito da irin wannan tun 1975.

To amma na farko da na saya wallahi kuɗina na zubar. Ba suna ba garanti, hotonsa dai yayi kyau. Ban gama kwali biyu na harsashin 9mm ba ɗigon ya fara ƙiftawa kamar fitilar da batirinta ya kusa mutuwa, harbina kuma yana ta gangarawa hagu, ni ina ta zargin hannuna ina gyara riƙo, sai da wani dattijo da muke harbi tare ya karɓa ya girgiza a kusa da kunnensa yace ɗan'uwa wannan ai na bindigar wasan yara ne, ka ji abu na kaɗawa a ciki. Ashe irin na airsoft ne. Saman fistol duk harbi ɗaya sai ya ja baya da ƙarfi ya dawo ya daki gaba, na'urar tana kai tana shan wannan jijjiga, in ba don haka aka ƙera ta ba dole ta saki.

Shi yasa nake cewa arha ba laifi bane, amma ka fara duba bindigarka tukuna. In mai cin ƙaramin harsashi na .22 ce irin Ruger Mark IV, inda na'urar ke zama baya motsi, ƙarfen ciki ne kawai ke kai da komowa, nan mai sauƙin kuɗi kamar Burris FastFire 3 ko Vortex Venom zai daɗe yana maka aiki. In kuma 9mm ce da na'urar za ta hau saman da ke motsi, kada ka sauka ƙasa da kamfanin da aka sani kuma yake bada garanti a rubuce. Holosun 407C shi na koma kuma ban yi nadama ba. Trijicon RMR kowa ya yarda da ƙarfinsa, amma mai huda takarda ranar hutu bai zama dole ya kai can ba, kuma ana yi masa jabu, in ka ga ana saida shi a farashin banza ka kama gabanka.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne mazauni. Ramukan sukurori ba iri ɗaya bane, akwai tsarin RMR, akwai RMSc na siraran bindigogi, akwai na Docter wanda Venom ke bi, akwai na DeltaPoint Pro. Shi 407C tsarin RMR yake bi, 407K kuma na sirara ne, harafi ɗaya ya raba su amma ɗaya ba zai zauna inda ɗaya ke zama ba. Masu Glock MOS, wato bindigar Glock da aka yanke samanta don na'ura tun daga kamfani, faranti ake sawa tsakanin bindigar da na'urar. In saman bindigarka ba a yanke shi don na'ura ba to ka lissafa kuɗin maƙerin bindiga tun yanzu, wani lokacin sai ya kai kuɗin na'urar kanta.

Girman ɗigo da MOA ake auna shi, wato wani ma'auni na kusurwa. MOA 1 kusan santimita 2.9 ne a nisan mita 100, kenan a mita 25 ɗigo mai MOA 3 yana rufe wajen santimita 2, mai MOA 6 kuma sama da santimita 4 kaɗan. Ni 6 nafi so, ido na saurin cafke shi kuma rawar hannu bata fito da yawa, wanda yake son ya tara harsasai rami ɗaya daga nesa ya ɗau 2 ko 3.

Wani abu da ya kusa sa in maida na'ura mai kyau, na ga ɗigon ya baje kamar tauraro mai jela. Ashe idona ne, astigmatizim gare ni, wato matsalar ido da ke sa haske ya baje. Ka ɗauki hoton ɗigon da wayarka, in a hoto ya fito zagaye tsaf to na'urar lafiyarta lau, likitan ido zaka nema, ko ka rage hasken kaɗan, yana taimakawa sosai.

Batir kuma ka duba ta ina ake sa shi. Mai aljihu a gefe ko murfi a sama yafi, domin wanda batirinsa ke ƙasa sai ka kwance na'urar duka ka sake duba saiti. Yawanci CR1632 ne ko CR2032. Ni ko bai mutu ba duk shekara nake canzawa. Wurin ɗaurawa a cire magazin, wato gidan harsasai, a leƙa ɗakin harsashi a tabbata ba komai, a bi ƙarfin ɗauri da kamfani ya rubuta, a ɗiga shuɗin gam na sukuru kaɗan, ba ja ba, jan sai da zafi yake kwancewa. Sukuru in yayi tsawo yana iya tokare abin da ke fizgo kwanson harsashi bindiga ta riƙa cijewa.

Satin farko zaka ɗaga bindiga ka nemi ɗigo ka rasa, ranka ya ɓaci kace an cuce ka. Ni ma haka nayi. Galibi bakin bindigar ne ya ɗaga sama, ka sauke shi kaɗan zaka ga ɗigon ya faɗo cikin gilashi. Na riƙa maimaita ɗagawar da bindiga fanko minti goma kullum, harsasai suna kulle a wani ɗaki daban, wajen sati uku kafin hannuna ya saba kawo shi gaban idona da kansa.

Na gode da filin da ka bani.

Naka,
Wani mai karatu, mai sha'awar wasan harbi