Amsa ga mai tambayar wa ya biya ni: buɗaɗɗiyar wasiƙa kan man Larabawa da ke ajiye a Japan

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Tambayarka ta iso ni, tun da a bainar jama'a ka ga damar yin ta. Na rubuta cewa ƙasashe masu sayar da ɗanyen mai da masu saye suna buƙatar juna, na kawo misalin yadda Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke ajiye mansu a tankunan Japan da Koriya ta Kudu da Indiya. Sai ka ce wane mai hankali ne zai kai dukiyarsa gidan mai saye ya ajiye in ba wayo aka yi masa ba. Ka ce "tsaron makamashi" kalma ce da masu saye suka ƙirƙiro don su sha man talakawa da araha. Sannan ka rufe da tambayar wa ya biya ni har na zama ɗan korensu.

Ta ƙarshen nan ce ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Babu wanda ya biya ni, kuma waɗanda suka daɗe suna karanta rubutuna sun san ban taɓa sayar da alƙalamina ba. Amma rantsuwa ba hujja ba ce a wurin wanda ya riga ya yanke hukunci, don haka bari mu buɗe cinikin da kansa, ka nuna mini wanda aka cuta. Ɗan kore dai la'ada yake ci daga wanda ya amfana. In har mai sayarwa ne ya fi amfana, sai ka sake shawarar ɗan koren wa zan zama.

Ga yadda abin yake a Japan. Gwamnati, ta hannun hukumarta JOGMEC, ita ke kama tankunan, ta ba kamfanin mai sayarwa ya zuba mansa ba tare da ya biya haya ba. ADNOC, kamfanin man Abu Dhabi, ya fara a Kiire da ke lardin Kagoshima a 2009, Aramco, kamfanin man Saudiyya, ya biyo baya a tsibirin Okinawa bisa yarjejeniyar 2010 da ake sabuntawa duk shekara uku, kamfanin Kuwait ya shigo a 2020. Man da ke cikin tankin na mai shi ne. A ranakun lafiya yana sayar wa wanda ya so a gabashin Asiya, yana sake cikawa. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da hanya ta toshe, matatun Japan ne ke da haƙƙin fara saye. Saye na ce, Malam, da kuɗi, ba ƙwace ba. Duk wanda ya san yadda fatoma ke ba baƙon ɗan kasuwa ɗakin ajiya a zango, da fatan in kaya sun yi wuya shi za a fara waiwaya, ya gane wannan ciniki tun kafin a gama bayani.

Me mai sayarwa ya samu? Babban jirgin dakon mai yana ɗaukar ganga miliyan 2, kuma daga tashar Ras Tanura ta Saudiyya zuwa Japan tafiyar kusan mako uku ce. Daga Okinawa kuwa 'yan kwanaki ne zuwa matatun China da Koriya da Taiwan. Matatar da ke son ƙaramin kaso cikin gaggawa ba za ta jira mako uku ba, wurin wanda kayansa ke kusa za ta je. Na biyu, kuma shi ne babba: man da ke Okinawa ya riga ya wuce mashigin Hormuz, ƙofar fita daga Tekun Fasha. Ta wannan mashigi, wanda faɗinsa a inda ya fi matsewa bai wuce kilomita 33 ba, kimanin ganga miliyan 20 ke bi kullum a lokacin da al'amura ke tafiya daidai, wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ke sha, kuma mafi yawansa Asiya yake nufa. In ya toshe, mai saye ya rasa mai, mai sayarwa ya rasa albashin ma'aikatansa. Tsoro ɗaya ne ke damun su biyun. Shi ya sa Saudiyya ta shimfiɗa bututu mai kilomita 1,200 daga Abqaiq zuwa Yanbu a gaɓar Bahar Maliya, Daular Larabawa kuma ta buɗe nata daga Habshan zuwa Fujairah a 2012, mai ɗaukar ganga miliyan 1.5 a rana. Babu Baturen da ya tilasta musu wannan kashe kuɗi.

An ma gwada tsarin a aikace. Ranar 14 ga Satumba 2019 aka kai hari Abqaiq da Khurais, ganga miliyan 5.7 a rana ta tsaya lokaci guda, kusan rabin abin da Saudiyya ke haƙowa. Aramco ya ci gaba da cika wa masu saye alkawari daga abin da ke rumbunansa har aka gyara. Da ya gaza, da masu sayensa na Asiya sun koma wa Iraƙi ko Rasha, kuma wanda ya ƙulla kwantiragi da wani ba lallai ya dawo ba.

Koriya ta Kudu ta bi sahu: ganga miliyan 4 ta ADNOC a Yeosu, da miliyan 5.3 ta Aramco a Ulsan, duka a 2023. Indiya ta haƙa kogunan ajiya a cikin dutse a Visakhapatnam da Mangalore da Padur, jimillarsu tan miliyan 5.33, ta ba ADNOC wurin ganga miliyan 5.86 a Mangalore, jirgin farko ya iso a 2018. Kana nufin duk waɗannan shugabannin kamfanoni, da lauyoyinsu da akantocinsu, an yi musu wayo shekara goma sha biyar suna sake sa hannu, sai kai ne ka gano daga inda kake zaune?

Da ka nemi inda tsarin yake da rauni, da na nuna maka, don akwai, kuma sun fi wanda ka kawo ƙarfi. Na farko, yawan bai kai yadda ake zuzutawa ba. Man Aramco na Okinawa wajen ganga miliyan 8 ne, Japan kuwa tana shan fiye da miliyan 3 a rana, ka ga bai cika kwana uku ba. Abin da ke riƙe Japan shi ne rumbun gwamnatinta da wanda doka ta ɗora wa kamfanoninta. Na Larabawa ƙari ne. Kogunan Indiya ukun ma, ko an cika su fal, ba su kai kwana goma ba. Na biyu, ɗanyen mai ba iri ɗaya ba ne. Bonny Light, ɗanyen manmu na Najeriya, farar wutar da ke cikinsa ba ta kai kashi 0.2 cikin 100 ba, na Saudiyya kuwa, Arab Light ta doshi kashi 2, Arab Heavy ta kusa 3. Matatar da aka gina don mai marar nauyi, in ka ba ta mai nauyi, sai fetur da dizal su ragu, baƙin mai ya ƙaru, sashen cire farar wuta ya cika. Bayan harin 2019 an nemi wasu masu saye su karɓi mai nauyi a madadin marar nauyin da suka yi oda, kuma ba kowace matata ke iya haɗiye wannan ba. Na uku, fitar da man daga rumbu aiki ne. Amurka a kogunan gishiri na Texas da Louisiana take ajiye nata, ana tura ruwa ta ƙasa ya tunkuɗo man sama, kuma duk lokacin da aka yi haka ruwan yana narkar da gishirin, kogon ya canja siffa. Don fitarwa sau biyar aka tsara su tun asali. Daga ranar da shugaban ƙasa ya ba da umarni zuwa ranar da man zai shiga kasuwa, ana lissafin kwana 13.

Akwai kuma inda kake da gaskiya, ko da yake ba ka kawo hujjarta ba, ni zan kawo maka. Hukumar makamashi ta IEA, wadda ta wajabta wa membobinta ajiyar kwana 90 na man da suke shigowa da shi, an kafa ta ne a 1974 don a tunkari OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu sayar da mai, bayan takunkumin Larabawa na Oktoba 1973 ya ɗaga ganga daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. Faransa ta ƙi shiga sai 1992. A Nuwamba 2021 ma Amurka ta ja China da Indiya da Japan da Koriya da Birtaniya suka sanar da buɗe rumbu, ba don mai ya yanke ba, sai don a karya farashi, kuma masu sayarwa sun ji haushi. Rumbu yana iya zama makami. Amma fa tun 1991 ɓangarorin biyu suka fara zama a Paris, zaman da ya zama dandalin IEF mai hedikwata a Riyadh, inda suke musayar alƙaluman haƙa da sha da ajiya. Masu sayarwa da kansu suka nemi kujerar.

Dalilinsu shi ne abin da ka tsallake gaba ɗaya: mai sayarwa ma yana buƙatar tabbacin mai saye. A 1986 ganga ta faɗo zuwa wajen dala 10, kuma ɗan Najeriya ba ya buƙatar a tuna masa abin da ya biyo baya a shekarar. A Afrilu 2020, lokacin korona, tankuna suka cika har farashin man Amurka ya koma ƙasa da sifili ranar 20 ga wata, bayan OPEC da ƙawayenta sun amince da rage ganga miliyan 9.7 a rana. Mu kanmu, akwai lokacin da Amurka ke sayen fiye da ganga miliyan 1 a rana daga Najeriya. Da ta fara tatso nata daga duwatsu, a Yuli 2014 ko ganga ɗaya ba ta saya ba. Aramco ya ga irin wannan tun da wuri, shi ya sa yake sayen hannun jari a matatun masu saye: fiye da kashi 63 na S-Oil a Koriya, matatar Port Arthur a Texas gaba ɗayanta tun 2017, kashi 10 na Rongsheng a China a 2023 tare da kwantiragin ganga 480,000 a rana. Matatar da kake da kaso a cikinta ba za ta juya wa manka baya ba.

Maganarka ta a daina ciniki da dala a koma yuwan, kuɗin China, ba ta taɓa batun ba: ko da kuɗin wuri za a biya, jirgin dai sai ya bi Hormuz. Ta cewa hasken rana zai kashe fetur gobe kuwa, in gaskiya ce, ai ƙarin dalili ne ga mai sayarwa ya ɗaure masu sayensa tun yau.

Abin da ya fi ba ni takaici ba kai kaɗai ba ne. Mun saba, duk wanda ya kawo lissafi sai a ce an saye shi, wanda ya ɗaga murya ya ce an cuce mu sai a tafa masa, kuma na lura tafin bai yi maka ƙaranci ba a kwanakin nan. Najeriya ta shiga OPEC tun 1971, tana da matatun gwamnati huɗu masu ƙarfin ganga 445,000 a rana a takarda, amma ta shafe shekaru tana fitar da ɗanye tana shigo da fetur, muna kwana a layi. Matatar Dangote mai ganga 650,000 ta fara aiki, sai ga ta tana sayo ɗanyen mai daga Amurka, a ƙasar da ke haƙo shi. A Nijar, bututun Agadem zuwa Seme da ke gaɓar tekun Benin, mai kusan kilomita 2,000, ya kammala, amma a Mayu 2024 Benin ta hana loda jirgi saboda rikicin iyaka, sai da China ta shiga tsakani. Wannan fa tsakanin maƙwabta ne, babu Japan babu IEA a ciki.

Tun da kana da bakin da ake ji, ga tambayoyin da zan so ka kai inda suka dace. Kwana nawa na fetur da dizal ke ajiye a Kano yau in hanyar kudu ta toshe? A tankin wa yake, kuma wa ke da ikon cewa a buɗe? Wace matata ce a Indiya ko Turai Najeriya ke da kaso a cikinta da zai sa a ci gaba da sayen Bonny Light ranar da kasuwa ta cika? In kuwa har yanzu kana kan bakanka cewa an cuci Saudiyya a Okinawa, ka kawo sakin layin yarjejeniyar da ya nuna hakan, a wurin da ka yi tambayar farko, zan amsa maka a can.

Wassalam.