Ladan shugaban kamfani da gaskiyar rahoton riba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu saka kuɗi a kasuwar hannun jari. A Amurka an daɗe ana biyan shugabannin kamfanoni da damar sayen hannun jari a kan farashin ranar da aka ba su damar. In farashi ya tashi daga baya, ribar tasu ce. Manufar ita ce su yi wa kamfani aiki tuƙuru, amma kuma su ne ke shirya rahoton ribar da ke ɗaga farashin. An ba kura ajiyar nama ke nan.

A 2005 Farfesa Erik Lie na Jami'ar Iowa ya nuna cewa farashi kan faɗi gab da ranar bayar da damar, sannan ya tashi bayanta. Sa'a ba ta maimaituwa haka. Ashe wasu kamfanoni komawa baya suke yi su zaɓi ranar da farashi ya fi arha, su rubuta ta a takarda a matsayin ranar bayar da damar. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, wadda ta biyo bayan rushewar kamfanin makamashi na Enron, ta tilasta bayyana damar cikin ranakun aiki 2, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna abin ya ragu sosai.

Mu ma mun ga ƙarin gishiri a rahoton Cadbury Nigeria a 2006. Ina roƙon wakilanku na tattalin arziki, in kamfani ya sanar da riba, su riƙa faɗa mana tsabar kuɗin da ya shigo da yadda ake biyan shugabansa.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano