Godiya ga samarin da suka gina mana shafin labarai a Garwa

Assalamu alaikum, ƙannenmu.

A madadin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar albasa da gyaɗa a nan Garwa, arewacin Kamaru, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a ake cin moriyar aikinku.

Abin da muka roƙa bai da yawa: wuri ɗaya a intanet inda za mu riƙa saka farashin buhu a Garwa da Marwa da Kusiri, canjin sefa da naira, halin da hanyar Ngaundere take ciki, da sanarwar rasuwa ko ɗaurin aure. Labarin duniya ba mu rasa shi ba. BBC da DW suna nan, ga RFI da ta buɗe sashen Hausa tun 2007. Amma babu cikinsu mai gaya maka nawa albasa ta kwana yau a babbar kasuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku zauna a ofis kuna zato ba. Kun zo rumfa, kun karɓi wayoyin mutanenmu kun duba. Mafi yawa ƙananan Tecno da Itel ne, wasu gilashin ya tsage, an ɗaure da kyauro. Daga nan kuka ce shafin dole ya zama marar nauyi. Kuka matse hotuna, kuka cire bidiyo mai kunna kansa, kuka sa rubutu ya riga hoto fitowa. Yanzu ko a ƙauyukan wajen Lagdo, inda rezo, wato sabis na waya, ke zuwa yana tafiya, shafin yana buɗewa, kuma ba ya lashe wa mutum data. Wanda ke sayen mega da kuɗin cefane shi ya san darajar wannan.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun fito daidai ba akwatuna ba, har 'yan'uwanmu Fulani suna saka tasu sanarwar da Fulatanci. Kun kuma ƙara maɓallin sauraro saboda dattawan da ajami suka iya, ba boko ba. Wannan shawararku ce, mu ba mu ma kawo ta a rai ba.

Da za a yi rajistar adireshi, kun ba mu shawarar ɗaukar mai ƙarewa da .cm na ƙasarmu Kamaru, kuka yi shi da sunan ƙungiya, kuka damƙa mana kalmar sirri a hannu. Ba kowa ke yin haka ba. Wasu riƙewa suke don a yi ta komawa wurinsu. Sannan kun zaunar da yaranmu biyu, cikin zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta, har suka iya saka labari da kansu.

Saura batun biyan kuɗin wata ta Orange Money da MTN MoMo da kuka ce za ku haɗa mana bayan salla. Muna nan muna jira.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya jiƙan magabata.

Naku,
Magatakardan ƙungiya, Garwa